Ƙafar Akuya da Mabiyiyar Jikata

Na daɗe ina jin ku, duk sanda kuka taru da sallah, kuna zolayata da "shekarar da Mama ta faɗi jarrabawa." Ina taya ku dariya, don abin dariya ne. Amma kowannenku da irin yadda yake ba da labarin, kuma ke Ummi na san har yau akwai abin da ya tsaya miki a rai game da shekarar nan, ko da yake ba ki taɓa buɗe baki kin faɗa ba. To tunda ido ya fara rauni, hannu kuma bai fara rawa ba tukuna, bari in rubuta muku yadda abin ya kasance. Na nemi izinin babanku, don shi zai fi shan kunya a ciki. Ya ce in rubuta, amma kada in manta in faɗi cewa niyyarsa mai kyau ce. To, ga shi na faɗa.

A Nguru aka haife ni, a can na koyi aikin ungozoma, a can na yi aikin gwamnati har na yi ritaya. Da muka dawo Gashua, garin babanku, na ɗauka zan zauna in miƙe ƙafa. Ina! Wata biyu ban yi ba mata suka fara sallama a ƙofar gida, wannan ƙafarta ta kumbura, wannan ɗan cikinta ya daina motsi. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, sai muka gyara shagunan nan na gaban gida, na nemi lasisi, na sa gado huɗu, na ɗauki ma'aikatan jinya biyu. Akwai sunan da muka rubuta a allo, amma ba wanda ya taɓa kiransa. Kowa "gidan Sista" yake cewa. Rabin matan da ke haihuwa a wurina daga Katuzu da ƙauyukan fadama suke zuwa, a kan babur ko a bayan a-kori-kura, kuma ba don ni suke zuwa ba. Don Ya Fanna suke zuwa, tsohuwar ungozomar gargajiya, Babarbariya ce da aure ya kai ta Katuzu tun tana yarinya. In ta ce wa mace "tashi mu je gidan Sista," ko mijin ba ya musu. In kuma ta ce kada a je, to ko kyauta nake yi ba mai zuwa.

A shekarar ne gwamnati ta fara yi wa masu ciki da marasa ƙarfi rajistar inshorar lafiya. Mace ta samu katinta, ta yi awo, ta haihu, ba a ce ta kawo ko sisi ba. Sai dai katin ba ya aiki sai a asibitin da hukuma ta tantance ta amince da shi. Na duba na ga magana ta fito fili: in ban samu takardar amincewar nan ba, matan nan za a rubuta musu wani wuri dabam, inda Ya Fanna ba ta san kowa ba. Na kuma san abin da zai biyo baya. Ba za su je ba. Za su koma haihuwa a ɗaki, kamar da, kuma ni na san abin da zubar jini yake yi wa mace a ƙauyen da mota ba ta shiga da damina.

Aka aiko mini da takardar sharuɗɗa, shafi ya fi goma. Wallahi da murna na karɓe ta, don ni mai son tsari ce, ku ma shaida ne. Ruwan famfo a ɗakin haihuwa, muka ja. Wuta dare da rana, muka sa sola. Firjin allurai, banɗakin maza dabam na mata dabam, fayil ga kowace mara lafiya, lasisin kowace ma'aikaciya a manne a bango, wurin ƙona shara, har da jar tukunyar kashe gobara, wadda babanku ya rataye da kansa yana ta alfahari kamar shi ya ƙera ta. Sai wani layi guda can ƙasan shafi na bakwai: dole ne duk inda ake karɓar haihuwa a sami rami na musamman, mai murfi da kwaɗo, inda za a riƙa zuba mabiyiya, wato abin nan da ke biyo bayan jariri in an haife shi. Na kira masu haƙar rijiya suka haƙa a bayan ɗakin haihuwa, aka daɓe bakinsa da siminti, aka sa bututun iska, aka shafa wa murfin koren fenti. Ya yi kyau abinsa.

Ya Fanna ta kawo wata mai naƙuda, ta zagaya baya yin alwala, sai ta gan shi.

"Sista, sabuwar masai kika yi? Me ya sa aka kulle ta da kwaɗo, ko ta manya ce?"

Na gaya mata abin da aka yi shi dominsa. Ta ajiye butar a hankali, ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"A haɗa mabiyiyar ɗan wani da ta ɗan wani a rami ɗaya, kamar bawon gyaɗa? Sista, ke da na ɗauka mai hankali ce? To ki ji da kyau. Ranar da kika jefa guda ɗaya a nan, ranar ce ta ƙarshe da za ki ga mace daga Katuzu."

Ku da kuka tashi a birane ba lallai ku san nauyin abin ba. A wurinmu, in an haihu, kakar jariri ce ke karɓar mabiyiya. Ta wanke ta, ta naɗe a farin ƙyalle, ta kai gida ta binne a bayan ɗakin uwar. Tsofaffi suna cewa duk inda yaro ya je a duniya, hankalinsa zai riƙa komawa inda aka binne masa ita. Ni ban ce addini ne ba, ban kuma ce likitanci ne ba. Amma taku ku huɗu duk tana bayan ɗakin nan da nake zaune ina rubutu, har ta waɗanda aka haifa a Nguru, kakarku ce ta sa aka taho da ita a mota. Saboda haka ban yi wa Ya Fanna gardama ba. Na ci gaba da miƙa wa tsofaffi abinsu a leda, rami kuma ya zauna wata uku da kwaɗonsa, ko ƙuda bai taɓa shiga ba.

Sai aka aiko cewa masu tantancewa za su taso daga Damaturu, su yi Nguru ran Laraba, su zo mana ran Alhamis. Ran Laraba da la'asar wata tsohuwar abokiyar aikina da ke da irin wurina a Nguru ta bugo mini waya. Ta ce in shirya, shugabar tawagar wata likita ce mai gilashi, ba ta da faɗa, amma ba abin da ke wuce ta. Ta sa an buɗe mata ramin, ta haska tocila a ciki, sannan ta koma ta duba littafin haihuwa. Na ajiye waya na ɗauko littafin haihuwa. A littafina, haihuwa ta fi arba'in tun da aka haƙa ramin, shi kuwa fes yake kamar sabuwar randa. Babanku yana gefe yana shan shayi, ya ji komai.

"Hajiya, wannan ne ya dame ki? Ki kwantar da hankalinki. Ki bar mini."

Da na san abin da "ki bar mini" ke nufi, da na ɓoye makulli a ƙugu. Na ɗauka addu'a zai sa a yi. Ashe bawan Allah, da aka idar da sallar asuba, bai dawo gida ba, sai ya ɗauki bokiti ya hau babur ya nufi kwata. Ya samu wani mahauci da ya taɓa koyarwa a firamare, ya ce a cika masa bokitin da kayan cikin akuya, waɗanda suka fi jini. Ya dawo ya buɗe rami da makullin da ke rataye a ofis, ya juye, ya rufe, ya wanke bokiti, sannan ya shigo ya same ni ina ɗaura ɗankwali, fuskarsa sai sheƙi take yi.

"An gama. Yanzu ko wa ya leƙa zai ga rami yana aiki."

Na yi salati har sau uku. Na ce Malam, ka kashe ni. Ya ce wace irin kashewa, ai nama nama ne, daga sama wa zai bambance? Muna cikin haka sai ga ƙarar mota a ƙofar gida.

Su uku ne, amma Dakta mai gilashi ce ke magana. Ta zagaya ko'ina a natse. Ta murɗa famfo, ruwa ya zo. Ta buɗe firji, ta duba ma'aunin sanyi. Ta zaro fayil daga tsakiya, ba na sama da na shirya mata ba, ta karanta, ta gyaɗa kai. Ta duba ranar da ke jikin tukunyar kashe gobara, babanku yana tsaye a bayanta yana murmushi. Duk inda ta wuce sai in ga biro ya yi alamar daidai. Zuciyata kuwa tana can bayan ɗakin haihuwa. Da muka zagaya, abin da na fara gani shi ne kyanwoyi. Duk wata kyanwa da ke unguwarmu ta hallara, sun kewaye murfin nan sun zauna, har da wata mai ido ɗaya da ban taɓa gani ba. Dakta ta dube su. Ta ce a buɗe. Na buɗe da hannuna, ta durƙusa ta haska tocila, ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙe, ta kaɗe gwiwarta, ta ɗora biro a kan takarda.

"Sista, ana amfani da ramin nan?"

Ban san ko ta gane ba. Kalma ɗaya ce tsakanina da takardar da na yi wata shida ina wahala a kanta. In ce "e," biro ya yi alama, a wuce wurin. Na ji babanku yana gyaran murya a bayana. Amma ni tunda na fara aiki ban taɓa rubuta awon jinin da ban auna ba, kuma na ga in na fara yau, a kan akuya, to na zubar da shekara talatin da biyar a ramin nan.

"Dakta, ba a taɓa sa mabiyiya ko ɗaya a ciki ba. Kakanni nake ba wa su kai gida. Abin da kika gani kayan cikin akuya ne, da safen nan aka zuba."

Ta cire gilashinta ta goge ido. Sai na lura kafaɗunta suna rawa. Dariya take dannewa.

"Na gode da kika faɗa, Sista. Don ni dai tunda nake aikin nan ban taɓa ganin mabiyiya mai kofato ba."

Na leƙa. Ƙafafun akuya ne guda biyu, a miƙe a saman tulin, suna kallon sama. Ashe mahaucin nan, don girmama malaminsa, ya saka masa gyara a gindin bokiti bai faɗa ba. Da aka juye, gyara ta dawo sama. Babanku ya leƙa shi ma, ya ce "La ilaha illallahu, yaron nan ya cuce ni da alheri," ya juya ya shige gida, bai sake fitowa ba sai da mota ta tafi.

Dakta ba ta sa mini hannu ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta zaunar da ni a ofis ta yi mini magana kamar 'yar'uwa. Ta ce dokar nan ba don a wulaƙanta al'adar kowa aka yi ta ba. Mabiyiya jini ce, in uwa tana da ciwon hanta ko wata cutar da ke bin jini, tsohuwar da ta wanke da hannu tsirara za ta iya ɗauka, kuma a gari irin namu da ruwa yake kusa da ƙasa, in an binne dab da rijiya an ja wa gida duka. Duk na san wannan, kunya ce ta hana ni haɗa shi da abin da nake yi. Ta ce za su dawo bayan wata shida. In ina da hanyar da za a kiyaye lafiya ba tare da an kori tsofaffi ba, in rubuta in aika musu su duba.

Wata shidan nan sun yi mini tsawo. Labari ya zaga gari kafin azahar, har a kasuwar kifi ana cewa gidan Sista yanzu awaki ake karɓar wa haihuwa. Ban taɓa gaya wa kowa wanda ya zuba ba, na bar shi a kaina, shi ya sa ku ma kuka ɗauka ni ce. Masu kati aka rubuta musu wani wuri. Ɗaya daga cikin ma'aikatana ta ga gadaje babu kowa, ta nemi aiki a Nguru ta tafi, ban riƙe ta ba. Akwai satin da haihuwa ɗaya tak muka karɓa.

Ni da Ya Fanna muka zauna a kan tabarma muka yi ta ja-in-ja kamar masu cinikin saniya. A ƙarshe muka tsaya a kan haka: kowace mai ciki za a yi mata gwajin jini tun a awo. In jininta lafiya lau, kaka za ta karɓi mabiyiya a cikin roba mai murfi, a ba ta safar hannu, ta dangwala yatsa a littafi cewa za ta binne da zurfin kamu biyu, nesa da rijiya. In kuwa gwaji ya nuna cuta, ko dangi ba su buƙata, sai rami. Na rubuta na aika Damaturu, aka amsa cewa a gwada a gani. Ya Fanna ta ƙara sharaɗi nata na kanta, cewa ɗan mutum ba zai kwanta a kan akuya ba. Dole aka kira mai haƙar rijiya ya sauka ya kwashe komai, aka zuba toka da sabuwar ƙasa. Babanku ne ya riƙe masa igiya, da toshe hanci.

To Ummi, yanzu na zo kanki.

Tsarin nan yana da rami a cikinsa wanda ya fi na bayan ɗaki zurfi, kuma ban gan shi ba sai da wata yarinya ta zo awo daga wani ƙauye na fadama. Ba zan faɗi sunanta ba, ko ƙauyen, har in mutu. Cikin fari ne. Gwaji ya nuna tana da ciwon hanta. Na yi mata bayani, na ce za a yi wa jaririn allura da zarar ya faɗo, in Allah ya so ba abin da zai same shi, amma mabiyiya ba za ta je gida ba. Sai ta kama hannuna ta fashe da kuka.

"Sista, ki rufa mini asiri. Uwar mijina ce za ta zo karɓa. In kika hana ta, kowa ya san dalili. Duk ƙauyenmu an san ramin nan na masu ciwo ne."

Gaskiya ta faɗa. Ba wanda aka taɓa sa wa a ciki, kuma duk wadda ta fara shiga, an yi mata tambari ke nan har abada. Ita saura mata sati biyar. Ke kuma, da kika zo gida haihuwar fari, saura miki sati biyu, jininki kuma lafiya lau, kowa ya sani, don ni na ɗebe shi a gaban mata a ranar awo.

Kin tuna ranar da na same ki a ɗaki na ce ina roƙon wata alfarma a wurinki da wurin mijinki. Kin tambaye ni dalili, na ce saboda masu tantancewa ne, ya kamata su tarar rami yana aiki. Kika ce "To Mama, yadda kika ce." Na ga idonki ya kawo ruwa. Kin ɗauka na fifita takardar gwamnati a kan 'yarki ta fari, na hana mabiyiyarta kwanciya a bayan ɗakin da taku take. Na bar ki da wannan zaton shekara da shekaru, don amanar mara lafiya ba ta barin in yi miki bayani a lokacin, kina ganin yarinyar a layin awo. Ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ni ma na so in binne mabiyiyar jikata da hannuna.

Ranar da kika haihu, da hantsi, na sa aka kira Ya Fanna. Ita ma ban gaya mata komai ba, amma tsohuwar nan ba a yi mata bayani sau biyu, wani lokacin ko sau ɗaya ma. Ta dube ni, ta dubi layin masu awo da ke zaune a baranda, ta sa safar hannu. Ta wanke mabiyiyar, ta naɗe a farin ƙyalle sabo, ta ratsa ta gaban matan nan a hankali yadda kowa zai gani. Ta yi bismilla ta zura ta da igiya, ba jefawa ba. Sannan ta juyo ta ɗaga murya da Hausarta mai karin harshen Barebari.

"Kun gani ko? Ta jikar Sista ce ta fara shiga. Wannan ɗakin manya ne, mai kwaɗo. Kare ba ya tonawa, ruwa ba ya ci. Wadda take so, ta yi magana tun da wuri."

Kafin sati ya zagayo mata biyu lafiyayyu sun ce su ma a sa musu a inda aka sa ta jikar Sista. Da yarinyar nan ta zo haihuwa, ita ce ta biyar. Uwar mijinta da kanta ta ce a sa a ɗakin manya, har tana yi wa wata gori a baranda. Aka yi wa jaririn allurarsa, suka hau a-kori-kura suka koma gida, ba wanda ya san komai.

Da Dakta ta dawo, ta duba littafi, ta ga shafin masu kaiwa gida da yatsunsu a dangwale, ta ga shafin rami. Ta haska tocila, wannan karon ba kyanwa ko ɗaya. Ta tambaya ina Malam, aka ce ya tafi Jajimaji cin kasuwa, alhali ranar ba ranar kasuwa ba ce. Ta yi dariya ta sa hannu. Takardar nan ita ce kuke gani a bango kusa da tukunyar kashe gobara, kuma matan Katuzu har yau da katinsu suke zuwa.

'Yarki kuwa, kin fi kowa sani, duk hutun da kuka zo ba ta zama a cikin gida. Tana ajiye jaka sai gidan Sista, ta ɗauki abin sauraron ciki ta rataya a wuya tana bin mata a baranda. Ya Fanna, da ƙafa ta gaza mata yanzu sai dai a kawo ta a babur, in ta gan ta sai ta taɓa ni da sanda ta ce, "Ba na gaya miki ba? Inda aka binne, can hankali yake komawa."

Shekaran jiya wata mata ta kawo ɗanta a yi masa awon nauyi, yaro ƙato, mai ƙiriniya, sa'an 'yarki. Suka haɗu a baranda suna rabon ƙuli-ƙuli, ba su san komai ba. Uwar ta dube ni, na dube ta, muka gaisa kamar kowa. Ummi, ba don takarda ba ne. Ki yafe mini shirun da na yi miki.